Jan Czochralski: ɗan kafintan da ya janyo kiristal daga kaskon kuza

A cikin watan Afrilun 1953, jami'an tsaron farin kaya na gwamnatin kwaminisanci ta Poland suka dira gidan wani dattijo a ƙaramin garin Kcynia, suka birkice shi da bincike. Ciwon zuciya ya kada dattijon, aka garzaya da shi asibiti a birnin Poznań, a can ya rasu ranar 22 ga watan yana da shekara 67. Aka mayar da gawarsa garinsu aka binne, kabarin kuwa ya shekara 45 babu ko suna a kansa. Abin da yaran garin suka san shi da shi shi ne wani ɗan kamfani mai haɗa man goge takalma da garin maganin mura. A daidai wannan lokaci injiniyoyi a Amurka suna aza harsashin masana'antar lantarki ta zamani a kan wata dabara da ya gano tun 1916.

Sunan dattijon Jan Czochralski, wanda a bakin mutanen ƙasarsa yake fita kamar Yan Cokralski. Kusan kashi 90 cikin 100 na silikon ɗin da ake yi wa wayoyin hannu da kwamfutoci ƙwaƙwalwa da shi, ta hanyar da ke ɗauke da sunansa ake samar da shi. Haka ma jamaniyam ɗin da ke cikin na'urorin da suka fi kowace na'ura iya tantance tururin nukiliya, wanda yana cikin abubuwa mafi tsabta da hannun ɗan Adam ya taɓa yi.

An haife shi ranar 23 ga Oktoba, 1885, a Kcynia. A lokacin babu ƙasar Poland a taswira, domin Rasha da Ostiriya da Furushiya sun yi watandarta, garin nasu kuma ya faɗa a rabon Jamusawa. Shi ne na takwas cikin 'ya'ya goma na wani kafinta. Mahaifinsa ya so ya zama malamin makaranta, ya sa shi a kwalejin horon malamai ta garin, amma hankalin yaron yana kan harhaɗa sinadarai, har ya bar makarantar ba tare da takardar shaidar da ake shiga jami'a da ita ba. Wannan rashin takarda ya bi shi har tsufansa, abokan hamayya suka riƙa yi masa gori da shi. Ya fara aiki a kantin magani, sa'annan a 1904 ya tafi Berlin, inda ya ci gaba da wannan sana'a yana koyon awon sinadarai da ma'adinai. A 1907 ya shiga kamfanin lantarki na AEG, a masana'antar wayoyin wuta, yana kuma halartar darussa a babbar makarantar fasaha ta Charlottenburg. Aikinsa shi ne binciken ƙarafa, musamman alminiyam, wanda a lokacin baƙo ne a harkar lantarki. A 1910 ya auri Marguerite Haase, mai kaɗa fiyano, 'yar wani gida mai wadata da asalinsa daga Holan yake.

Labarin da aka fi bayarwa game da abin da ya gano yana da daɗin ji, har ma ya yi kama da wanda baki ya goge. Wani dare a 1916 yana zaune yana rubuta sakamakon gwaje-gwajen yini, ga kurtun tawada a gefe, ga kuma ɗan kaskon narkakkiyar kuza da ya ajiye ta huce. Hankalinsa na kan takarda, sai ya tsoma alƙalami cikin kaskon maimakon kurtun. Da ya fizge shi, sai ga siririn zaren kuza ya biyo bakin alƙalamin ya daskare. Wani da sai ya tsaki ya sake alƙalami. Shi kuwa ya sake tsomawa, ya lura cewa in ya ja da sauri zaren yakan tsinke, in ya ja a hankali yakan yi tsawo. Ya zuba wa zaren ruwan asid ya duba, ya tarar kiristal guda ne tun daga sama har ƙasa.

Abin da ake nufi da kiristal guda yana buƙatar ɗan bayani. Ƙwayoyin zarra da ke cikin ƙarfe a jere suke, sahu bayan sahu, kamar kunyoyin gona. Sai dai ƙarfen da aka narka aka zuba ya daskare da kansa yakan fara daskarewa a wurare da yawa lokaci guda, kowane wuri da inda sahunsa ya fuskanta. Ya zama kamar gonakin ƙauye masu maƙwabtaka, wannan kunyoyinta sun miƙe gabas, waccan sun miƙe kudu, ga iyakoki birjik a tsakani. Kiristal guda kuwa gona ɗaya ce da kunyoyinta suka miƙe fuska ɗaya daga farko har ƙarshe. Zaren Czochralski ya fito haka ne saboda daskarewar ta fara daga ɗigo ɗaya tak, a tsagar bakin alƙalami, duk ƙwayar da ta biyo baya kuma sai ta bi sahun da ta tarar.

Ya maye gurbin alƙalamin da siririn bututun gilashi, ya haɗa shi da inji mai ja a hankali, ya samu zaruruwa masu kaurin kusan milimita ɗaya na kuza da dalma da tutiya. Ya aika da rahotonsa a 1916, mujallar Zeitschrift für physikalische Chemie ta buga shi a 1918. Abin lura shi ne, a idonsa wannan hanya ce ta auna saurin daskarewar ƙarafa: iyakar saurin da za a ja zare bai tsinke ba, shi ne saurin da ƙarfen ke daskarewa. Bai hango taransista ba, babu kuma wanda ya hango ta a wancan zamani.

Arzikinsa ma daga wani wuri ya zo. A 1917 ya koma Frankfurt ya kafa wa wani babban kamfanin ƙarafa ɗakin bincike, ya shugabance shi. Jamus tana fama da ƙarancin kuza, ga shi boris ɗin ƙafafun jiragen ƙasa da gamin kuza ake yin su. Czochralski ya haɗa wani gami na dalma da ɗan kalsiyam da sodiyam da litiyam wanda ba ya buƙatar kuza ko kaɗan, ya yi masa rajista a 1924. Hukumar jiragen ƙasa ta Jamus ta saya, wasu ƙasashe suka bi, kuɗi suka shigo. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masana ƙarafa ta Jamus a 1919, daga baya ya shugabance ta. Henry Ford ya gayyace shi Amurka ya yi masa tayin shugabancin wata masana'anta, ya ƙi.

Gayyatar da ya amsa ita ce ta shugaban Poland, Ignacy Mościcki, wanda shi ma masanin sinadarai ne. Ƙasar ta dawo taswira a 1918, tana neman 'ya'yanta masu ilimi su komo gida. Czochralski ya koma a 1928, Jami'ar Fasaha ta Warsaw ta ba shi digirin girmamawa a 1929, ya zama farfesa a 1930, ya kafa cibiyar binciken ƙarafa mai kayan aiki na zamani wadda rundunar sojan ƙasar ke ɗaukar nauyin yawancin ayyukanta. Ya buɗe hannu ga masu zane da marubuta da ɗalibai, ya taimaka wa aikin tonon tsohon garin Biskupin. Amma mai kuɗi da ya shekara ashirin da 'yan kai a Jamus, ba shi da takardar gama sakandare, ga shi shugaban ƙasa na ji da shi, ba ya rasa masu jin haushinsa a zauren malamai. Farfesa Witold Broniewski ya fito fili ya zarge shi da cewa zuciyarsa na Jamus, gaminsa kuma cutarwa ne ga jiragen ƙasan Poland. Suka shiga kotu, Czochralski ya yi nasara a 1938. Hukunci ya ba shi gaskiya, maganar kuwa ta riga ta zauna a kunnuwan mutane.

Shekara ɗaya bayan haka Jamus ta mamaye Poland, ta rufe jami'o'i. Czochralski ya nemi izinin mahukuntan mamaya ya buɗe wata ma'aikatar gwajin kayayyaki a harabar jami'ar, suka ba shi. Ma'aikatar ta yi wa Jamusawa aiki, har da sojojinsu, wannan ba a musunsa. Amma takardar shaidar aiki a irin wannan wuri ita ce ke hana a kama mutum a titi a tura shi aikin bauta a Jamus, kuma malamai da ɗalibai da yawa sun tsira da ita, cikinsu har da mayaƙan sa-kai na rundunar ɓoye ta Armia Krajowa, waɗanda suka riƙa ƙera sassan makamansu a ƙarƙashin wannan rufi. Ya yi amfani da Jamusancinsa da sanayyarsa wajen fito da mutane daga hannun 'yan sandan Gestapo. Mu'amalarsa da Jamusawa kowa na gani, taimakonsa ga 'yan gwagwarmaya kuwa dole a ɓoye yake.

A watan Afrilun 1945 sabbin mahukunta suka kama shi bisa zargin haɗa baki da abokan gaba, aka tsare shi a Piotrków Trybunalski. Masu binciken kotun musamman ta Łódź suka saurari shaidu, ba su sami hujja ba, aka sake shi a watan Agusta. Duk da haka, a watan Disamba majalisar malaman jami'arsa ta ƙi mayar da shi kan kujerarsa, aka daina ambatonsa a cikin farfesoshinta. Babbar hujjar da za ta wanke shi ita ce alaƙarsa da Armia Krajowa, ga shi gwamnatin da Tarayyar Sobiyet ta girka tana farautar 'yan wannan runduna tana ɗaurewa, wasu ma tana kashewa. Faɗar gaskiyar na iya kai shi da waɗanda ya yi aiki da su ga halaka. Ya tattara ya koma Kcynia, ya kafa kamfanin BION tare da danginsa.

Yana can yana haɗa man takalma aka ƙirƙiro taransista a ɗakunan binciken Bell na Amurka, a watan Disamban 1947. Da jamaniyam aka yi ta, ɗaya daga cikin abubuwan da ake kira semikondakta, wato waɗanda ba sa sakin wutar lantarki ta wuce kamar jan ƙarfe, ba sa kuma tare ta kamar gilashi, sai yadda aka sarrafa su. Jamaniyam ɗin farko mai gonaki da yawa ne, iyakokin nan kuma suna tare ilektaron, shi ya sa taransista biyu da aka yanka daga dunƙule ɗaya ba sa aiki iri ɗaya. Wani masanin sinadarai, Gordon Teal, ya nace cewa sai an koma ga kiristal guda. Manyansa ba su ba shi goyon baya ba da farko, har ya riƙa aikin da dare. Shi da injiniya John Little suka ƙera injin ja a 1948, suka buga sakamakonsu a 1950, daga baya Teal da Ernest Buehler suka yi wa silikon haka. Adalci shi ne a ce injin da masana'antu ke amfani da shi a yau ya fi kusa da na Teal fiye da bututun gilashin 1916. Tushen dabarar dai na Czochralski ne, sunansa kuma shi ya bi ta.

Yadda ake yi a yau shi ne, a narka silikon a ma'aunin zafi 1,414, ko jamaniyam a 938, a cikin kasko. A sauko da ɗan guntun kiristal mai kyau, wanda ake kira iri, ya taɓa fuskar ruwan, sa'annan a riƙa juya shi ana ɗagawa sannu a hankali. Saurin ja da zafin kasko su ke yanke kaurin abin da zai fito. Dunƙulen silikon na masana'antu yakan kai faɗin milimita 300 da nauyin fiye da kilo 100.

Ko kiristal guda ma ba ya rasa aibi. Akwai baƙuwar ƙwaya da ta shiga sahu, kamar dawa a kunyar gero. Akwai gurbin da ƙwaya ta ɓace. Akwai kuma sahun da ya taho ya ƙare a tsakiyar gona, ya tilasta wa na kusa da shi su karkace, wanda za a iya kira gocewar sahu. Irin wannan gocewa takan samu ne tun lokacin da iri mai sanyi ya taɓa ruwa mai zafi, ta kuma bi dunƙulen har ƙasa. A ƙarshen shekarun 1950 William Dash na kamfanin General Electric ya gano maganinta: a fara da jan siririn wuya mai kaurin milimita uku ko kusa da haka, da sauri, har gocewar ta zame ta fita ta gefe, kafin a buɗe kafaɗar dunƙulen. Da wannan dabara ake samun silikon da babu gocewar sahu ko ɗaya a cikinsa.

Inda maganar aibi ta fi tsanani shi ne na'urar gano tururin nukiliya. Hasken gamma, wanda ke fita daga abubuwa irin su yuraniyam da siziyam, ido ba ya ganinsa, yana kuma ratsa jiki. In ya faɗa cikin kiristal ɗin jamaniyam sai ya tumɓuke ilektaron daga mazauninsu, kowane ɗaya ya bar gurbi a bayansa. Ƙarfin lantarki na bolt dubu biyu zuwa biyar da aka ɗora wa kiristal ɗin sai ya kwashe su zuwa gefe a ƙirga. Yawansu shi ke nuna ƙarfin hasken, ƙarfin hasken kuma shi ne zanen yatsan abin da ya fitar da shi. Hasken siziyam-137, alal misali, yakan saki ilektaron kusan 220,000 a bugu ɗaya. In aibin da ke cikin kiristal ya riƙe wasu a hanya, lissafi ya gaza, sai zanen yatsan ya dusashe, a kasa bambance wannan sinadari da wancan.

Matsala ta biyu ita ce kauri. Baƙin ƙwayoyi su ke taƙaita zurfin da ƙarfin lantarkin zai iya sharewa, kuma a jamaniyam irin na taransista wannan zurfi bai taka kara ya karya ba, hasken gamma sai ya wuce abinsa. A farkon shekarun 1960 aka samu dabarar cusa litiyam cikin kiristal ɗin domin ya kashe tasirin baƙin, bisa aikin Erik Pell. Na'urorin sun yi aiki, amma da sharaɗi mai nauyi: litiyam yana yawo in kiristal ya ɗumama, don haka dole na'urar ta zauna cikin sanyin ruwan naitirojin, digiri 196 ƙasa da sifili, dare da rana har ƙarshen rayuwarta. In mai kula ya yi sakaci tulun ya ƙafe, na'ura mai tsadar gaske ta lalace.

Mafita ta zo a farkon shekarun 1970, daga Robert Hall na General Electric, da William Hansen da Eugene Haller na ɗakin binciken Lawrence Berkeley a Kalifoniya. Suka tace jamaniyam ta hanyar ratsa sandarsa da narkakken yanki sau da yawa, yankin yana kwashe datti zuwa ƙarshen sandar, dabarar da William Pfann ya fito da ita a Bell. Sa'annan suka janyo kiristal ta hanyar Czochralski, a kaskon silika, cikin iskar haidurojin. Abin da ya fito, baƙin ƙwayoyi masu tasiri a cikinsa ba su kai ɗaya cikin tiriliyan ɗaya ba. Irin wannan na'ura sai lokacin aiki kawai take buƙatar sanyi.

A nan ne aka ci karo da abin mamaki. Masu binciken sun zaci kiristal da babu gocewar sahu ko ɗaya shi zai fi kyau, kamar yadda yake a silikon. Da suka gwada, na'urar ta ƙi aiki yadda ya kamata. Dalili shi ne, lokacin da dunƙule ke hucewa guraben da babu ƙwaya suna yawo suna neman inda za su faɗa, gocewar sahu kuma ita ce ramin da ke haɗiye su. In babu ita, sai guraben su haɗu biyu-biyu su kama haidurojin, su zama tarkon da ke riƙe cajin da ake son ƙirgawa. In kuma gocewar ta yi yawa, ita kanta ta zama tarko. Saboda haka mai janyo jamaniyam na wannan aiki yana neman tsakanin ɗari da dubu goma a kowace murabba'in santimita, a baje daidai ko'ina. Yadda ake tabbatarwa shi ne a yanki fallen dunƙulen, a jiƙa shi da asid, a ƙirga 'yan ramukan da suka bayyana a ƙarƙashin madubin ƙara girma, kusan yadda Czochralski ya duba zarensa na kuza. Kamfanonin da suka iya wannan aiki a duniya ba su da yawa har yau.

Da irin waɗannan na'urori masu sa ido na Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ke tantance yuraniyam, da su ake auna abinci da ƙasa bayan haɗarin nukiliya. Kumbon Mars Odyssey da aka harba a 2001 ya tafi da kiristal ɗin jamaniyam a cikin kayan awon da suka nuna akwai ƙanƙara a ƙarƙashin ƙasar duniyar Mars. A Nijeriya ma, Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda ƙaramar tukunyarta ta nukiliya ta fara aiki a 2004, da na'urar jamaniyam take karanta abin da ke cikin samfurin ƙasa da ma'adinai da tsirrai bayan an haska su.

A Poland kuwa, sunan da ke cikin kowane littafin koyar da semikondakta a duniya ya daɗe ba shi da mazauni a jami'arsa. An tayar da maganar wanke shi a shekarun 1980, aka sake tayarwa a shekarun 1990, majalisar malaman ba ta sauya matsayi ba. Masanin kiristal Paweł Tomaszewski ya shafe shekaru yana tattara takardu da shaidun waɗanda suka san shi. Sai a 1998 aka sa suna a kabarinsa. A 2011 aka gano, a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Warsaw, wata takarda ta 1944 daga sashen leƙen asiri na Armia Krajowa da ke nuna Czochralski yana miƙa wa rundunar bayanai. Ranar 29 ga Yuni, 2011, majalisar malaman Jami'ar Fasaha ta Warsaw ta zartar da ƙudurin mayar masa da mutuncinsa, shekara 58 bayan rasuwarsa. Majalisar dokokin ƙasar ta ayyana 2013 a matsayin shekarar Jan Czochralski, a 2019 kuma ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta duniya, IEEE, ta kafa allunan tunawa da dabararsa a Warsaw da Berlin da Kcynia.